Takalmi Mai Farin Zare

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da duk wanda yake kyautata maka a can. Yaya gwiwar nan? Na san halinka, za ka ce ta yi sauƙi alhali kana jan ƙafa. Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka, Ya dawo mana da kai muna raye. Inna tana nan ƙalau, sai dai idon da ya ƙara rauni, amma bakin yana nan yadda ka bar shi. Yarana suna zuwa makaranta, babbar ta fara taya ni yanka a shago, ƙaramin kuwa har yanzu babu abin da ya iya sai cin abinci da yaga wando. Ɗinki yana tafiya daidai gwargwado. Saura mutum biyu da ba zan ce maka suna lafiya ba, don ba zan yi maka ƙarya ba. Maigidana yana kwance a asibiti, 'yarka 'Yar Shiru kuma tana ɗakina da hannu a naɗe.

Kawu ya kawo mini saƙonka. Ya ce ka ce 'Yar Shiru ta yi haƙuri ta koma ɗakinta, tunda dangin mijin sun kira ka sun ba da haƙuri, kuma wai duk wasan wayar nan ne ya jawo, don haka a karɓe wayar a mayar da ita. Na saurare shi har ya gama, na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin ƙofa. Ban kira ka ba saboda na san yadda muke a waya, kai ka katse ni, ni na ɗaga murya, a ƙarshe na fashe da kuka ka ce na cika rigima. A takarda ba ka da yadda za ka katse ni. Ka ji bakin mutanen da ba su ga komai ba, yanzu ka ji na wadda ta tsaya a wurin. Idan ka gama karantawa sai ka sake yanke hukunci a kan ko yarinyar nan za ta koma gidan mutumin nan.

Ka san tun rasuwar mahaifiyarta a shagona ta tashi, kuma guga ne abin da ta fi iyawa. Ni na koya mata, amma ta wuce ni, ban ji kunyar faɗa ba. Bayan aurenta ta fara karɓar gugar maƙwabta don kada ta zauna haka kawai. Wata rana ta jingina wayarta da kwalbar ruwa a gefen tebur ta ɗauki kanta tana guga, ta saka a intanet. Babu fuska, babu magana, babu kiɗa. Hannuwanta kawai ake gani, da dutsen guga, da riga a shimfiɗe, sai ƙarar tururi idan ta yayyafa ruwa. Ranar da ta nuna mini na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata duniya ta zo ƙarshe idan har akwai mai hankalin da zai bar aikinsa ya zauna kallon wata tana goge wuyan riga. Ta yi murmushin nan nata. Yaya, ba a daɗe ba mutane suka cika shafin nan fal, suka sa mata suna Mai Guga. Daga baya ta koma yi kai-tsaye, wato tana guga suna kallo a lokacin, suna rubuto mata magana a ƙasa. Ni mai dariya kuwa, ban san ranar da na fara jingina tawa wayar a jikin keken ɗinki ba. Maigidana ya kama ni ina kallo, ya ce ashe masu hankalin sun ƙaru da mutum ɗaya.

Na san za ka tambaya me suke gani a ciki, don ni ma na tambaya. Sai na riƙa karanta abin da suke rubutawa. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce duk yini tana ganin abin da ba ya gyaruwa, idan ta dawo gida tana son ta ga abu ɗaya ya shigo a yamutse ya fita a miƙe. Wani dattijo ya ce tun da matarsa ta rasu gidansa ya yi tsit, shi ya sa yake kunna wayar ya ajiye a ɗaya ɗakin, ya zauna a falo yana jin ƙarar tururi kamar tana ciki. Wani mai kai kaya a babur ya ce shi daga safe zuwa yamma zagi yake sha a titi, nan ne kaɗai wurin da ba a yi masa tsawa. Akwai masu gardama a kan ko hannun riga ake fara gogewa ko kwala, su yi ta musu kamar gadon ubansu ake rabawa. Sun san kowane mayafin da take shimfiɗawa a tebur, sun san tabon da ke gefen babban yatsanta, sun san ƙararrawar makarantar da ke kusa da gidan da ƙarar injin yankan katako na ƙasan bene. Na lura mutanen nan ba guga suke nema ba. Kowa ya gaji ne, yana neman ɗaki ɗaya mai tsafta da zai leƙa inda babu wanda yake faɗa.

To a cikin watannin nan sai ta fara tsawaita zaman. Da can ta goge 'yan riguna ta rufe, sai ya zama tana kai wa yamma tana tsaye. Na yi mata tsiya na ce son a sani ya kama ta. Masu kallo kuwa idonsu ya fi nawa. Wata ta rubuta cewa wannan shuɗiyar rigar ai an goge ta ɗazu, me ya sa aka sake ɗauko ta. Wani ya ce ya lura Mai Guga takan yamutsa zanin gado da hannunta a ƙasan tebur sannan ta ɗora shi. Suka kuma lura da wani abu. Wayar tana ɗauko ɗan gefen ƙofa daga ƙasa, kuma duk lokacin da wasu ƙafafu suka shigo cikin takalmin fata ruwan ƙasa, na hagun an ɗinke bakinsa da farin zare, sai hannunta ya rage sauri, dutsen ya riƙa tsayawa wuri ɗaya. Ba su taɓa ganin fuskar mai takalmin ba, ba su san muryarsa ba. Takalmin kawai suka sani, har suna kiransa Mai Farin Zare. Wannan shi ne sirikinka, Yaya, mai sayar da kayan mota, mai durƙusawa har ƙasa idan zai gaishe ka.

Ranar da abin ya faru ina shago da rana tsaka, ina kafa hannun wata riga, wayar tana gabana. Na ga takalmin ya shigo. Bai wuce ciki ba kamar yadda ya saba, ya tsaya a bakin ƙofa ya tuɓe shi, sannan na ji muryarsa a karon farko a cikin wayar. Yana cewa ta kashe abin nan. Ta ci gaba da guga. Ya sake faɗa, ya haɗa da zagin marigayiya mahaifiyarta. Sai na ji mari, irin wanda ko ta waya sai da na dafe kuncina. Kwalbar ruwan ta faɗi ta tarwatse, wayar ta karkace amma ba ta mutu ba, tana kallon saman tebur. Na ji ya buga kanta da bango, na ji ƙarar madubi ya zube, na ji tana cewa ya yi wa Allah mutane suna gani. Ya ce su gani. Daga nan na ga hannunsa na hagu ya danne tsintsiyar hannunta a kan rigar da take gogewa, na damansa ya ɗauki dutsen gugar, ya ɗora a bayan hannunta ya danna. Yaya, tururi ya tashi. Irin ƙarar nan da mutane suke kunnawa don su sami barci, ita ce ta fito daga naman 'yarka. Yarinyar da muka sa wa 'Yar Shiru saboda ko allura aka yi mata ba ta kuka, ta yi ihun da har yau idan na ɗora dutse a kan yadi mai laima sai na ajiye na fita waje.

Ban san yadda na kira maigidana ba. Ka san shagonsa na gyaran fanka da kayan wuta ya fi kusa da gidan. Ya fita a guje da silifas, ɗaya ya tsinke masa a matakalar bene, ya yar da ɗayan ya hau ba takalmi. Ya tarar da ƙofa a buɗe, mutumin ya gudu, yarinyar tana kwance a ƙasa jini yana zuba daga goshinta, hannun ya saɓule. Ɗakin duk fasasshen madubi ne da kwalba. Zai ɗauke ta ya ga ba zai iya taka wurin da nauyinta a hannu ba takalmi, sai ya zura ƙafa a cikin wanda ya gani a bakin ƙofa. Wane ne zai tsaya duba takalmin wa ya sa a irin wannan lokaci? Ya sauko da ita, maƙwabci ya kai su asibiti a motarsa, na same su a can. Aka ɗinke goshin, aka wanke hannun. Ban taɓa ganin abin da ya kai wankin ƙuna azaba ba, mutum biyu ne suka riƙe ta, ni na riƙe kanta a ƙirjina tana cizon mayafina. Likita ya ce shatin dutsen zai zauna har abada, har da 'yan ramukan da tururi yake fita, kuma sai an ga yadda jijiya ta yi kafin a san ko yatsu biyu za su sake lanƙwasawa.

Da ta ɗan dawo hayyacinta na tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun ba a rufa shekara ba da auren. Ya taɓa karya mata haƙarƙari ta ce mana zamewa ta yi a banɗaki. Ya taɓa shaƙe ta har ta suma saboda ta bar karin guga biyu a wandonsa. Na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce ta san abin da za a ce mata, kuma ga shi ka faɗe shi ta bakin Kawu, kalma da kalma. Sannan ta gaya mini abin da nake so ka karanta sau biyu. Ta ce ta gano idan wayar tana kunne ba ya taɓa ta, saboda yana tsoron idon mutane. Shi ya sa take tsawaita zaman, shi ya sa idan kaya sun ƙare take yamutsa wanda ta goge ta sake gogewa, tana jira ya gaji ya fita. Ba son a sani ba ne, Yaya. Baƙin nan da ba ta san fuskarsu ba su ne masu gadinta. Wayar da ka ce a karɓe, ita ce ta tsare maka 'ya duk tsawon lokacin nan, har ranar da shi ma ya daina jin kunyarta.

Da la'asar maigidana ya tashi ya ce zai koma gidan. Ka san shi da abin wuta, tun muna asibiti yake ta cewa bai tuna ko ya zare dutsen daga soket ba, kada gidan mutane ya kama. Na ce mu je tare na ɗebo mata kayan sawa. Muna shiga layin na ga mutane tsaitsaye a gaban benen, maza da mata, wasu da babura, wasu da kayan aiki a jikinsu, kowa da waya a hannu. Na ɗauka maƙwabta ne. Ashe masu kallo ne. Sun haɗa ƙararrawar makaranta da injin katako da tankin ruwa mai shuɗin fenti da hotonsa yake fitowa a jikin dutsen gugar idan ta ɗaga shi, suka yi ta tambayar juna har suka gano layin. Ba wanda ya kalli fuskarmu. Ƙafafu suke kallo, duk wanda ya wuce sai su sunkuyar da kai. Na ji wata mata ta ce ga shi nan, ga farin zaren. Kafin na fahimci abin da take nufi, wani ya sauke wa maigidana hular babur a ƙeya.

Ya faɗi a kan gwiwa yana tambaya lafiya. Wallahi abin da ya ce ke nan, lafiya. Suka rufe shi. Wani ya ɗauko guntun katako daga shagon ƙasa ya riƙa maka masa a baya, wani yana harbinsa a ciki, wata mata mai kayan ofis ta cire takalminta mai tsini tana sara masa a ka. Na faɗa kansa ina ihu ina cewa ba shi ba ne, mijina ne, shi ya kai ta asibiti. Wani ya fizge ni ya yar, ya ce ga irinsu nan masu rufa wa azzalumai asiri. Na tashi na koma, aka buge mini baki, haƙorina na gaba yana girgiɗi har yanzu. Na ji lokacin da muƙamuƙinsa ya karye, ƙara ce kamar an taka busasshen kwano. Jini yana fita ta hancinsa da kunnensa, yana ta ƙoƙarin cire takalmin da ɗaya ƙafar saboda ya riga ya gane abin da suke bi, amma takalmin ya matse shi ya ƙi fita. Sai na ji wani yana cewa a kawo dutsen guga a yi masa yadda ya yi mata, har wani saurayi ya ruga saman bene. Mutanen nan da suke rubuta cewa ba sa son hayaniya, Yaya, su ne nake gani idonsu ya juye, suna kuka suna duka.

Abin da ya cece shi shi ne irin kallon da ya jawo masa. Ya ɗaga hannun dama ya kare fuskarsa, sai wata mata ta ƙwalla ihu ta ce a tsaya. Ita ce ma'aikaciyar asibitin nan da na gaya maka. Ta kutsa ta kama hannun ta ɗaga sama, ta ce su duba, hannun da ya ɗauki dutsen yatsunsa cikakku ne, da zobe, wannan kuwa babu rabin manuninsa. Ka tuna yatsan da fanka ta cinye masa tun yana koyon aiki, wanda kake yi masa tsiya da shi. Suka ciro wayoyi suka mayar da bidiyon baya, suna kallon waya suna kallon hannunsa. Na ga katakon ya faɗi daga hannun mai riƙe da shi. Wuri ya yi tsit, sai numfashin maigidana da yake fita da kumfar jini. Saurayin nan ya sauko da dutsen a hannu, da zafinsa, don ashe ba a zare shi ba ɗin, ya tsaya a matakala yana rarraba ido.

A nan ne na ɗaga kai, kuma wannan ban gaya wa kowa ba sai kai. A tsallaken titi, a ƙofar shagon aski, na ga sirikinka. Yana tsaye cikin masu kallo da wasu tsofaffin silifas da ba nasa ba, ya harɗe hannu. Tun farko yana wurin. Ya ga an kama mutumin da ya ɗauki matarsa zuwa asibiti, ya ga ana kashe shi a cikin takalminsa, bai ce uffan ba. Idona ya shiga nasa. Mutanen nan suna kewaye da ni, kunya ta kama su, suna neman inda za su sauke ta, ga dutse da zafi a hannu. Wani ma yana tambayata to ina shi yake. Yatsa ɗaya zan ɗaga, Yaya. Na rantse maka hannuna ya fara tashi da kansa, kuma zuciyata tana so, ba zan ɓoye maka ba, har yau wani lokaci tana cewa da na yi. Amma kan maigidana yana kan cinyata, ina jin yadda ƙashin fuskarsa yake motsi a tafina, na san abin da za su mayar da shi. Na tuna yana da uwa. Na mayar da hannuna na ce ban sani ba, su taimaka mini a ɗauki wannan. Da na sake dubawa ya ɓace.

Su suka ɗauke shi zuwa asibiti, su ɗin dai. An ɗaure masa muƙamuƙi da wayar ƙarfe, sai abu mai ruwa yake sha ta tsinke, haƙarƙari uku sun tsage, kunnen hagu kuma likita bai ba mu tabbas ba. 'Yan sanda sun ɗauki bayani, maganar tana hannunsu, ta yarinyar da tasa duka. Wasu daga cikin waɗanda suka doke shi suna zuwa dubiya, su tsaya a bakin ƙofa sun kasa shigowa. Mai babur ɗin da ya fara bugunsa ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Ya ce shi bai san sunanta ba ma, amma ɗakin nan shi ne wuri ɗaya da yake hutawa a duniya, da ya ga an shiga an yi wannan abu a ciki sai ya ji kamar gidansu aka shiga. Na zage shi tas, ban rage komai ba, sannan na ba shi kujera. Ban yafe musu ba tukuna. Amma na kasa daina tunanin cewa waɗannan mahaukatan sun bar aikinsu sun keto gari saboda hannun yarinyar da ba su taɓa ganin fuskarta ba, mu kuma da muka san ranar da aka haife ta muna aika mata da saƙon ta koma. Maigidana kuwa, da na tambaye shi me yake so, sai ya nuna wayata. Tsofaffin bidiyonta yake kallo, ya ce da hannu su ne suke sa shi barci.

Yanzu ga amsata, kuma ina faɗa da ladabi don kai ne babba, kai ne uba. Ban taɓa tsallake maganarka ba tun muna yara, ko lokacin da ba ka da gaskiya. Wannan karon ba zan bi ba. 'Yar Shiru ba za ta koma ba. Na tambaye ta, ba ni na yanke mata ba, ta ce gara ta mutu a ɗakina. Haƙurin da dangin mutumin nan suke nema na riga na yi musu shi a bakin titi ranar da na mayar da yatsana, ɗansu yana numfashi yau saboda shi, kuma iyakar abin da nake da shi ke nan. Wayar ma ba zan karɓe ba. Jiya ta ce na jingina mata ita, ta gwada goge ɗankwali da hannun hagu, na dama yana kan cinya a naɗe. Bai yi kyau ba, duk ya karkace. Ba ka ga yadda mutane suka cika ba, ba mai gardamar kwala ko hannun riga, kowa sannu yake rubutawa. Ta yi dariya, karon farko tun ranar.

Ka gaishe mini da abokin zamanka da ya yi jinyarka bara, da matar maigidan da kake haya, Allah Ya saka musu. Inna tana gaishe ka, ba mu gaya mata duka ba, mun ce hatsari ne, ka riƙe bakinka idan kun yi waya. Kawu yana gaishe ka, ko da yake tun da ya ga hannun bai sake tayar da maganar ba. Yarana suna gaida Baba Babba. Maigidana ya ɗaga maka guntun yatsansa, ya nuna a rubuta maka cewa yau ya yi masa rana. 'Yarka tana gaishe ka, ta ce ka yafe mata ba ta rubuto da kanta ba, alƙalami ba ya zama a hannun.

Abu na ƙarshe. Dangin sirikinka sun aiko a ba su takalmin ɗansu. Ban bayar ba. Sai da aka yanka na hagun da almakashi kafin ya fita daga ƙafar maigidana, na ɗinke shi da kaina, da farin zare, ban wanke jinin ba. Yana nan a ƙarƙashin keken ɗinkina. Duk wanda ya zo da niyyar mayar da yarinyar nan gidan can, ko wane ne shi, zan miƙa masa ya sa, ya taka layin nan da rana daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya dawo mu yi magana. Na duba lambarsa, Yaya. Daidai ƙafarka ne.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai ƙaunarka ko kana fushi,
Gwaggon 'Yar Shiru